Inabi a kan duwatsu: kwana tara a Châteauneuf-du-Pape

Ranar da na gaya wa Hajiyarmu zan je Faransa ganin gonakin inabi ba ta ce komai ba, sai da ƙanena ya yi suɓutar baki ya ce ai inabin can na giya ne. Nan ta ajiye carbi. Na yi mata bayani: shekara takwas ke nan ina fama da 'yar gonar inabina a wajen Hunkuyi, a ƙaramar hukumar Kudan, man injin ban-ruwa yana cinye ribar, ga shi an ce mini akwai inda inabi yake rayuwa cikin zafi da fari ba a zuba masa ruwa. Ta yi shiru, can ta ce, "To, ka tafi da idonka da kunnenka, bakinka ka bar mini shi a gida." A kan wannan sharaɗi na tafi.

Wanda ya gayyace ni wani Bafaranshe ne masanin aikin gona, da ya taɓa zagaya gonakinmu shekarun baya muka riƙe zumunci ta waya. Yayarsa ce ke riƙe da gonar gidansu, ita ta aiko da takardar gayyata. Biza ta ci Yuro 90, ban da inshora da kuɗin masu karɓar takardu, a lokacin kuwa, 2024, Yuro ɗaya ya doshi naira 1,800. Na bar Zariya da asuba, muka wuce shingayen jami'an tsaro ba wanda ya riƙe mu, daga Rigasa na hau jirgin ƙasa zuwa Idu. Asarar farko a Abuja na yi ta: abokin da na sauka wurinsa ya ce Tarayyar Turai ba ta yarda matafiyi ya shiga da nama ba, don haka kilishin da uwargida ta ɗaure mini yaransa suka yi wa rubdugu ina kallo. Ƙuli-ƙuli da yaji da dabino ne suka tsira.

Awa shida a sama sai ga Paris da safe. Jami'ar shige da fice ta karanta sunan garin da za ni, ta ɗago ta dubi hulata, ta yi murmushi ta ce zan sha mai kyau. Da guntun Faransancin da na tsinta wajen kawunnena a Maraɗi na ce mata ni manomi ne. Ta buga hatimi. Daga cikin filin jirgin na hau jirgin ƙasa mai gudun tsiya da suke kira TGV, Yuro 70 da 'yan kai, awa uku da ɗoriya zuwa Avignon. Bayan an wuce Lyon ne ƙasar ta fara sauya kama, koren ya dusashe, rufin gidaje ya koma jan kasko, ga dogayen bishiyoyi an jera su a bakin gonaki kamar darni, duk sun karkata kudu. Ban gane dalili ba sai da na sauka.

Wautar da na yi ita ce ta ƙin yarda a zo ɗauka ta. Na duba taswira na ga akwai tasha mai suna Sorgues-Châteauneuf-du-Pape, na ce ai shi ke nan, ba sai na wahalar da mutane suna tsakiyar girbi ba. Na sauka na tarar ashe suna kawai aka ara, garin yana can wajen kilomita bakwai. Ranar Lahadi ce. Babu ɗan acaɓa, babu mai keke, babu ko mai shayi da za ka tambaya, kantuna a rufe kamar an yi rasuwa. Layin wayata bai kama ba. Na saɓa jaka na kama hanya, iska kuwa tana ture ni ta gaba har sai da na cire hula na cusa a aljihu, sannan na ga kaina ya yi sanyi na mayar. Allah ya sa na mayar. Na yi tafiyar kusan minti arba'in sai wata farar mota ta wuce ni, ta ci burki, wani dattijo ya leƙo ya ce, "Assalamu alaikum." Hular ya gani. 'Yan Maroko ne masu aikin girbi, suna dawowa daga sayen nama. Suka matsa mini wuri tsakanin buhun burodi da kwandunan roba, suka kai ni har tsakiyar gari.

Kwana biyu na yi a wani ɗakin baƙi, Yuro 75 duk dare. Da na lissafa da naira barci ya ƙi zuwa. A rana ta uku Madam, haka nake kiran yayar abokin nawa, ta gane halin da nake ciki ta ba ni ɗaki a saman rumfar taraktocinsu. Abinci bai ba ni wahala ba sosai. Tun ranar farko na ce ban cin alade, ban cin abin da aka dafa da giya, wanda hakan ya raba ni da wani farfesun sa da suke ji da shi. Na rayu a kan burodi, zaitun, ƙwai, kifi da wata miyar gauta da tumatir da kabewa, ina barbaɗa yajina, tsohon gidan, mahaifin Madam, yana kallona kamar mai zuba wa abinci ƙasa.

Safiyar Litinin ta ɗauke ni zuwa gonarsu ta kan tudu. Na sauka daga mota na tsaya ina neman ƙasa. Babu. Iya ganinka duwatsu ne masu sulɓi, wani kamar mangwaro, wani kamar gwanda, wani ya kai kan jariri, a shimfiɗe kamar ƙasan kogin da ya ƙafe. Ashe ma ƙasan kogin ne. Kogin Rhône ne ya gangaro da su daga tsaunukan Alps tun zamanin da, ya murje su har suka yi sulɓi, ya bar su nan ya sauya hanya. Galets suke ce musu. A gida in ka sayi irin wannan fili ka ce noma za ka yi, dangi za su nemo maka mai ruƙiyya. A nan Madam ta ce hekta ɗaya tana kai wajen rabin miliyan na Yuro, in ma ka sami mai sayarwa. Tafiya a kai azaba ce. Kafin azahar idon sawuna ya kumbura, na gane dalilin da kowa yake sanye da takalmi mai wuya.

Itatuwan kansu suka fi ba ni mamaki. Mu a rumfa muke ɗora inabi, da turaku da waya, ka shiga ƙarƙashi ka sha inuwa. Nan kowane gindi tsaye yake shi kaɗai, bai wuce ƙugu ba, rassa huɗu ko biyar sun buɗe kamar ƙoƙo, ganyen ya rufe 'ya'yan daga rana. Wasu gindin sun haura shekara tamanin, sun murɗe sun yi baƙi kamar hannun tsohon maƙeri. Gajartar saboda iskar ce. Sunanta mistral, daga arewa take bin kwarin kogin ta sauko, wani lokaci kwana uku ba ta tsagaita ba. Hunturu ce ba ƙura, sama fes kamar an wanke. Tana karya reshe, tana sa mutum ciwon kai, amma ita ce likitan gonar, don in an yi ruwa nan da nan take busar da ganye kafin fumfuna ta kama. Na tuna kuɗin maganin feshin da nake zubawa duk damina, na ji ina ƙyashin iskar da ta kusa kayar da ni jiya.

Madam ta durƙusa ta yi ta ture duwatsu har zurfin kamu ɗaya da rabi, sai ga jan laka mai sanyi, na matsa a hannu ya dunƙule. Ta ce an daɗe ana cewa duwatsun suna shan zafin rana su sake shi da dare su nunar da inabi, kuma haka ne, amma yanzu zafin ya ishe su, abin da suke gode wa duwatsun shi ne murfin da suke yi wa ƙasa kada danshi ya gudu. Saiwa kuma tana nutsawa can ƙasa neman ruwa. Ban-ruwa ba a yin sa sai da izini na musamman in fari ya tsananta. Nan na ga amsar abin da ya kawo ni, na kuma ga iyakarta. Su yawancin ruwansu a kaka da lokacin sanyi yake sauka, lokacin da itacen ya zubar da ganye yana barci, lakan ya ajiye masa. Namu inabin ba ya barci, mu ke tilasta masa da aski, kuma da rani muke nunar da shi, lokacin da sama ba ta ba da ko ɗigo. Injin ban-ruwana ba inda za shi. Abin da zan iya ɗauka shi ne murfin, buntun shinkafa da karan dawan da muke cinna wa wuta.

Ta nuna mini wani kumburi a gindin kowane itace, dab da duwatsu. Aure ne, irin wanda muke yi wa mangwaro. A shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai suna phylloxera ya shigo daga Amurka yana cin saiwa, kuma a wannan yanki na kogin Rhône aka fara ganin ɓarnarsa kafin ya kusa gamawa da inabin Turai. Maganin da ya tsaya har yau shi ne a dasa gindin inabin Amurka, wanda ƙwaron ba ya iya kashewa, a aura masa reshen na gida.

Sai muka zo kan maganar haɗi, wadda ita ce sunan garin ya tsaya a kai. Dokar wurin ta yarda da irin inabi 13, in ka ƙirga farare da jajayen wasu daban su zama 18, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na giyar da ake yi ja ce. Ba dole ne ka haɗa duka ba. Gidan Château de Beaucastel ya yi suna da amfani da duka 13, gidan Château Rayas kuwa jar giyarsa Grenache ce zalla daga ƙasa mai yashi. Yawanci dai iri uku ne ƙashin baya: Grenache, Syrah da Mourvèdre. Madam ta ce tun da ba zan sha ba, to in tauna.

Ta tsinko mini Grenache. Zaƙi ya cika mini baki kamar dabinon da ya nuna a bishiya, ɓawon siriri, ruwan bai da duhu. Asalinsa Sifaniya, shi ya mamaye kusan kashi uku cikin huɗu na gonakin, don yana jure fari da iska. Aibinsa shi ne zaƙin, domin suga shi ke zama ƙarfin giya, nasa yakan haura kashi 15 cikin 100, launi kuma ba yawa. In aka yi mummunan yanayi lokacin fure yakan zubar, nono ya fito da giɓi. Syrah an riga an girbe shi kafin in zo, ta samo mini ragowar wani ɗan nono a ƙarshen layi: ƙanana, baƙi wuluk, ya rina mini yatsu, a ƙarshen harshe akwai wani ɗan yaji kamar masoro. Shi ke ba da launi, amma ba ya son ƙishirwa. Mourvèdre bai gama nuna ba, sai ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Na tauna ɓawon mai kauri, bakina ya ɗaure tamau kamar na ci ɗanyar kanya. Ta yi dariya ta ce wannan shi ne tanin. Na ce mu bauri muke cewa, kuma na san shi, shi ne abin da majeman Kano suke nema a bagaruwa su jeme fata. Ta ce aikinsa ɗaya a giya, shi ke sa ta shekara goma ko ashirin ba ta lalace ba. Suna da karin magana a kansa, wai yana son kansa a rana ƙafarsa a ruwa, shi ya sa ake dasa shi inda laka ya fi zurfi.

Ban san abin da ya sa ba, na ɗauki Grenache uku, Syrah ɗaya, Mourvèdre ɗaya na watsa a baki gaba ɗaya. Zaƙin ya daina gundura, baurin ya daina ɗaure baki, yajin ya zauna a tsakiya. Madam ta ce to ka gama karatun.

Amma ni ba ɗanɗanon ne ya tsaya mini a rai ba. Iri uku, kowanne da lokacin nunarsa, kowanne da abin da yake tsoro: wannan fure, wancan fari, ɗayan ruwan ƙarshen kaka. Shekarar da ta kayar da ɗaya da wuya ta kayar da sauran. Da ta kai ni wata tsohuwar gona da kakanta ya dasa, inda iri biyar ko shida suke cakuɗe a layi ɗaya ana girbe su tare, sai na ga gonar Babanmu: gero, a gicciya dawa, a sa wake a tsakani, in damina ta yi gardama ba ka tashi a tutar babu. Na faɗa mata, ta ce kakanta ma ba don masu shinshina kofi ya yi haka ba, don kada ya kwana da bashi ne. Ni kuwa da na tashi dasa tawa gonar iri ɗaya na zuba daga wannan bango zuwa wancan, don shi dillalai suke so, shekarar da ciwo ya shiga kuwa bai bar mini layi ko ɗaya ba.

Abu ɗaya ne ya ƙi shiga kaina da wuri, wato doka ta hana ka samun amfani da yawa. Hekta ɗaya kada ta wuce lita 3,500, wajen kwalba 4,600 ke nan. Girbi da hannu dole ne, ba a sa inji, kuma dole a tsince marasa kyau a ware. Manoman garin ne da kansu suka fara tsara irin waɗannan ƙa'idoji a 1923 ƙarƙashin jagorancin Baron Le Roy, lauya kuma mai gonar Château Fortia, saboda ana ta sayar da giyar wasu wurare da sunan garinsu. A 1936 gwamnati ta amince, ya zama cikin wurare na farko a Faransa da doka ta kare sunan amfaninsu. Hekta wajen 3,200 ce a garuruwa biyar, in gonarka ta fita iyakar da taku ɗaya ba ka da ikon sa sunan. Kwalba a ƙofar gida Yuro 30 zuwa 50 na gani, na manyan gidaje kuwa sai ɗaruruwa. Mu da muke addu'ar kwando ya cika, ranar kasuwa kuma kowa ya fito da nasa lokaci guda farashi ya faɗi warwas, akwai abin dubawa a nan.

Tarihin garin a yini ɗaya na zaga shi. Daga 1309 zuwa 1377 Fafaroma a Avignon yake zaune maimakon Rum, Fafaroma John na 22 ne ya gina fada a kan tudun garin, ma'anar sunan ke nan, sabuwar fadar Fafaroma. Sojojin Jamus sun tarwatsa hasumiyar da nakiya a 1944 suna janyewa, bango ɗaya ne ya rage a tsaye. Daga can kana hango kogi da dutsen Ventoux. An kuma ba ni labarin dokar da magajin gari ya kafa a 1954 ta hana jiragen halittun sama sauka a gonakin, na ɗauka zolaya ce, ashe da gaske a rubuce take.

Ban yanki inabi ba. Tun daga gida na yanke wa kaina haka, don abin da malamai suka karantar da mu a kan giya bai tsaya ga mai sha kaɗai ba. Amma kullum da rana ina zuwa inuwar motar 'yan Maroko mu yi azahar tare a kan kwali, su ba ni shayin na'ana'a in ba su ƙuli-ƙuli. Dattijon nan da ya tsince ni a hanya ya ce ya fi shekara ashirin yana zuwa duk kaka. Yini a sunkuye, tun da itacen gajere ne, almakashi a hannu, ƙafa a kan duwatsu, a kan mafi ƙarancin albashin ƙasar, wanda a kakar 2024 Yuro 11.65 ne a awa kafin a cire haraji. Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Baba, zuciyarka ba ta damunka da inda inabin nan yake zuwa?" Ya daɗe yana juya kofi. Ya ce, "Ɗana, tana damuna. Na aurar da 'ya'ya uku da almakashin nan. Ka sa ni a addu'a." Na ji kunyar tambayar. Ranar Juma'a shi ya kai ni masallaci a Avignon, ya hana ni biyan kuɗin abincin da muka ci bayan an sauko.

Daren Asabar aka yi zaman haɗin giyar bara, ta 2023. Kowane iri daban aka ajiye shi wata goma sha biyu, Grenache a tankunan siminti da manyan gangunan katako tsofaffi, Syrah da Mourvèdre a ƙananan ganguna. Ban zauna teburin ba, a bakin ƙofa na tsaya. Kwalabe tara ba takarda, sai lamba da alli, ga wani dogon kofin awo irin na ɗakin gwaje-gwajen makaranta, ga bokiti a tsakiya. Su auna, su zuba, su juya kofi, su shinshina, su kurkure baki, su tofar. Ba wanda ya haɗiye. Tsohon, mai shekara tamanin da wani abu, Grenache yake so ya kai kashi 75, ya ce haka ubansa ya yi. Madam ta ce zamanin ubansa sai ƙarshen Satumba ake fara girbi, yanzu kuwa an matso da mako biyu zuwa uku, inabin yana tara suga fiye da kima. Tana so a rage shi zuwa 70, a ƙara Mourvèdre, a sa ɗan Counoise, wani iri da aka yi watsi da shi da, wanda ba ya tara suga da yawa kuma yana da ɗan tsami. Kashi biyar suka yi wa musu fiye da awa guda, da buga tebur. Na taɓa ganin wata tsohuwa 'yar Maiduguri tana haɗa turaren wuta, tana ƙara ɗigo tana runtse ido, irin fuskar ke nan tsohon ya yi da aka miƙa masa kofi na ƙarshe ba a gaya masa wanne ba ne. Ya shinshina, ya kurkura, ya tofar, ya nuna shi da yatsa. Na 'yarsa ne. Ya tashi ya fita bai ce wa kowa sai da safe ba. Ƙamshin da ya biyo shi ta ƙofa na busasshen 'ya'yan itace ne da masoro da tayim, irin tayim ɗin da ke tsiro kara zube a bakin gonakinsu.

Na so in taho da rassan dasawa, abokina ya ce sai da takardun lafiyar tsirrai daga ɓangarori biyu, in na ɓoye a jaka kuma ina iya kai wa maƙwabtana ciwon da ba su da shi. Na haƙura. Madam ta kai ni tasha da kanta wannan karon, ta ba ni kwalbar man zaitun da dutse ɗaya daga gonar tudu, ya kusa kilo biyu, sai da na bar tsohon takalmina kafin jaka ta yi daidai da awo. A Abuja jami'in kwastan ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya tambaya ko na ma'adini ne. Na ce na gona ne.

Hajiya ta tare ni da tambaya ɗaya, na ce mata bakin yana nan yadda ta ba ni ajiya, in ban da inabi biyar da na tauna lokaci guda. Da sanyin nan na shimfiɗa buntu a layi shida na bar shida don in gwada, na kuma yi magana da wani manomi a Kudan zai ba ni rassan wani iri daban in saka a gefen gabas. Dutsen na ajiye shi a gindin inabin tsakar gida, bai yi mako ba ya ɓace. Na same shi a madafa, uwargida tana fasa citta da shi.